Taku Sittin Daga Gindin Ɓaure

Litinin, 4 ga wata, bayan la'asar

An tsayar da aikin gini yau. Ba wanda ya tambaye ni komai, alhamdulillahi.

'Yata Auta ce ta ba ni littafin nan, ragowar na makarantar 'yarta. Ta ce tun da bakina ba ya hutawa a kan zancen da, in riƙa juye shi a takarda ko kunnuwanta sa sarara. Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen da na sani a jikin buhun siminti da allunan shaguna na tsince su, sauran ita ta koya mini tana yarinya, tana buga mini fensir a bayan hannu. Wanda ya ga rubutun a karkace, sai ya karkata kansa.

Bari in tsara abin yadda yake. Ƙungiyarmu ta 'yan haya ta samu fili a bayan gari, kyauta, daga hannun wata dattijuwa da muke kira Mai Fili. Gida ashirin da huɗu za a yi, layi biyu, kowanne ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Kayan gini masu hali ne suka kawo, ƙarfi kuwa namu ne: kowa da ranakun da zai zo ya buga bulo, ya ɗebo ruwa, ya miƙa wa magina. Sharaɗinta guda ne, kurmin da ke yamma da tafkin da ke cikinsa ba a taɓa su. An shafa wa duwatsu jan fenti an jera su, aka ce gini ba ya ƙetare wannan layin ko da faɗin tafin hannu. An kuma sa wata malamar itatuwa tana lura.

Da aka yi ƙuri'a, gida na sha biyu ya faɗo wa Auta, na ƙarshe ta yamma, dab da jan layin. Wata biyar ke nan in ta taso daga wankin asibiti sai ta wuce can ta ɗauki bulo a ka. An gama layin baya har an sa kwano, yanzu aka zo nasu, kuma da nata aka fara. Tun rasuwar mijinta ita da yara uku a ɗaki guda suke, mai gidan kuma ya ce ƙarshen watan gobe zai rushe ya yi shaguna.

Yau da hantsi malamar itatuwa ta zo zagaye, ta tarar ramin harsashin gidan Auta ya ƙetare jan layi da taku biyar, har an datse wa wata tsamiya saiwa biyu masu kaurin cinya. Ta buga wa Mai Fili waya. Mai Fili ta ce a ajiye cebur, duka gidajen, sai an san wanda ya yi.

Talata, 5 ga wata, da safe

Bayana ya yi sauƙi. Tun safiyar Alhamis ɗin can yake ciwo. Auta ta ce me na ɗaga, na ce tsufa na ɗaga. Ta yi dariya ta bar zancen. Alhamdulillahi.

Talata, bayan azahar

An yi taro a rumfar siminti. Mai awo ya tsaya da takardunsa, wani dogon yaro ne da ofishinsu ya ba mu aronsa kyauta. Ya ce turaku huɗu ya kafa wa gidan nan, duka a cikin iyaka, ga lambobin a rubuce. Magina suka ce su inda suka ga turke nan suka haƙa, ba aikinsu ba ne duba fenti a ciyawa. Tela, shugaban ƙungiya, ya yi ta buga sanda a ƙasa yana cewa turke dai ba shi da ƙafa.

Can ya juyo kaina. Shekara hamsin muna tare da Tela, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Tsohon Rami, don haƙar rijiya ce sana'ata. Ya ce kai Tsohon Rami da kullum kake nan kamar tururuwa, ba ka ga komai ba? Kafin in buɗe baki ya ba kansa amsa, wai wannan ko raƙumi ya gifta ta gabansa cewa zai yi jika ce aka aiko. Aka yi dariya. Na ce ai gara ni, kai da ka ɗinka wa ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Aka ƙara dariya, zancen ya bi ta wani wajen.

Na dawo gida na sha ruwa kofi biyu.

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Na wanke jar ƙasar da ke jikin guduma, na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Alhamis, 7 ga wata, bayan la'asar

Auta ta zo share mini ɗaki, ta hau faɗa a kan igiyoyi, wai matattarar gizo-gizo ne. Na ce a bar mini su. Rijiya arba'in da uku na haƙa a rayuwata, kowace da igiyarta a jikin bangon nan. Duk gaba ɗaya da muka nutsa, wato tsawon buɗewar hannu biyu, sai in yi ƙulli, ranar da ruwa ya ɓullo in yi babban ƙulli a ƙarshe in yanke. Mutane suna zuwa su tambaye ni zurfin rijiyar kakansu, ni kuwa in sauko da igiya in ƙirga musu. Har yau ba wanda ya kama ni da kuskure. Masu takarda suna ɓatar da takarda, ni ban taɓa ɓatar da igiya ba.

Tana jawo akwati ta share bayansa sai murfin ya buɗe. Ta ɗago igiyar da ke ciki, ta ce wannan fa, me ya sa ba ta bango? Na ce ta wadda ba ta kai ruwa ba ce. Ta ƙirga ƙulli tara, ta ga babu babba. Ta mayar, ta rufe. Ba ta ƙara tambaya ba, alhamdulillahi.

Juma'a, 8 ga wata, da safe

Na je kurmi. Na tarar da malamar itatuwa a durƙushe a gindin tsamiyar, ta gyare bakin saiwar da zarto, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar. Yarinyar nan tana da ladabi, kullum sai ta ce Baba ba ni labarin wurin nan. Na nuna mata inda tafki yake kaiwa a da, da reshen da balbela suke kwana, da inda wani gawo yake kafin tsawa ta raba shi. Tana ji tana rubutawa. Ta ce in ba don ni ba, ba su san tafkin ya janye haka ba.

Ta ce ita ba ta son kowa ya rasa gida. Amma in aka bar taku biyar bana, baɗi wani zai ci goma, shekara goma nan gaba babu kurmi, kuma ruwan sama in ya sauko babu abin da zai tare shi sai ɗakunan mutane. Na ce gaskiya ne. Gaskiyar ce kuwa.

Da ta tafi na je gindin tsohon ɓauren da ke bakin tafki, na jingina bayana, na fuskanci gabas, na sake ƙirgawa. Sittin. Nan dai na tsaya inda na tsaya ran nan, tsakiyar inda aka fara zana wa Auta ɗakin kwana. Ban yi kuskure ba. Ba zan bari ta shimfiɗa wa yara tabarma a kan wurin nan ba.

Asabar, 9 ga wata, bayan azahar

Mai awo ya same ni ina ɗauke da bokiti, ya karɓa ya kai mini har bakin hanya. Ya rame. Ya ce ofishinsu sun kira shi, sun ce kada ya ƙara taɓa aikin kowa sai an gama bincike. Ya ce Baba, ni ba aikin nake ji ba, sunan nake ji, jiya wata mata ta tofar da yawu da na wuce. Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ya ce amin da ƙarfi.

Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana. Tafiyarsa irin ta wani ce, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kamar yana tsallake kwata.

Lahadi, 10 ga wata

Hadari ya taso ya watse. Ramin bai sha ruwa ba, tsamiya ba ta zubar da ganye ba. Alhamdulillahi.

Litinin, 11 ga wata, bayan la'asar

Tela ya zo da kansa, ya zauna a bakin gado, bai ce Tsohon Rami ba. Da na ji haka na san ba lafiya.

Ya ce kwamiti ya zauna. Don Mai Fili ta huce a ci gaba da sauran, sun ga a soke gida na sha biyu gaba ɗaya, a cike ramin, a dasa itatuwa a wurin. Auta a mayar da sunanta cikin masu jira, in an samu wani filin nan gaba ita ce ta farko. Na ce wane filin, yaushe? Ya dubi ƙasa. Ya ce ashirin da uku sun fi babu. Ranar Asabar Mai Fili za ta zo a yanke magana.

Na bi shi muka je ɗakin Auta. Tana wanke-wanke a bakin ƙofa, yara suna ciki a kan katifa guda suna aikin makaranta. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗago ba. Ta gama kwanukan ta sake mayar da su cikin ruwa ta wanke. Can ta ce, “Wanda ya yi mini wannan, ban yafe ba.”

Tela ya ce ki yi haƙuri 'yata. Ni na ce bari in je, na bar wuta a ɗaki. Ban bar wuta ba.

Talata, 12 ga wata

Ba wanda ya tambaye ni. Yau ban ji daɗin haka ba.

Laraba, 13 ga wata, da hantsi

Na je shagon Tela da niyyar magana. Na zauna a kan benci, yana taka keke. Na ce akwai abin da ke tafe da ni. Ya ce in wandon nan ne, tun bara ya gaya mini ba gyara yake so ba, jana'iza yake so. Na ce wandon ya girmi shagonka. Ya ce shi ya sa. Muka yi ta yi har aka kawo masa ɗinkin makaranta, na tashi. Har na kai bakin ƙofa ya ce me ka ce yana tafe da kai? Na ce wandon ne.

Na ji sanyi da na fito, amma bai kai ni gida ba.

Alhamis, 14 ga wata, bayan azahar

Na fito da igiyar cikin akwati na ɗora a cinya.

Da can akwai ƙauye a filin nan, kafin a tashe shi. Duk wanda ya san haka ya rasu, sai ni. Mu biyu muka karɓi aikin rijiyar ƙauyen, ni da ƙanena. Ranar ni ne da sauka, shi da jan ƙasa. Ɗan yatsana ya kumbura ba na iya riƙe dagi, ya ce Yaya zauna a sama, shi ya sauka.

Abin da zan rubuta ke nan. Rijiyar ta rufta da shi. Kwana uku aka yi ana tono, ƙasa tana komowa, har dattawa suka ce a bari haka nan, kada a ƙara wani a kai. Aka cike.

Auta ta san tana da baffa da ya rasu a wurin aiki. Ba ta san wurin ba. Da na ce akwai rijiya a ƙarƙashin ɗakinta, soke gidan za a yi. Na ce in an matsa kaɗan, rijiya ta faɗa a waje, ita ta samu gida, shi kuma ba a kwanta masa a kai ba. Fentin nan ban lura da shi ba, ciyawa ta rufe duwatsun. To ga shi yanzu gidan dai za a soke, kuma an ɗora wa yaron mutane.

Juma'a, 15 ga wata

Na yi aski. Na wanke riga.

Asabar, 16 ga wata, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ba na mantuwa.

Mai Fili ta iso da hantsi, aka sauko da ita daga mota aka ajiye mata kujera a inuwar rumfar siminti. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta kamar na shaho. Jama'a sun cika. Tela ya fara karanta shawarar kwamiti. Bai kai rabi ba na tashi, na je na ajiye guduma da igiya a gabanta. Tela ya ce Tsohon Rami zauna, ba a zo kan tarihi ba. Na ce yau an zo.

Na ce, “Ni na cire turakun. Da wannan gudumar na sake kafa su. Yaron nan bai yi komai ba.”

Ban dubi wajen Auta ba. Mai Fili ta ce don me, dattijo? Na faɗa mata. Ban taɓa faɗa da baki ba tun da abin ya faru, na ɗauka zai maƙale, sai ya fito kamar ruwan da aka cire wa dutse. Na ce ga igiyar, gaba tara muka kai. Na ce taku sittin ne daga gindin ɓaure ta gabas, kuma ya faɗa tsakiyar ɗakin 'yata.

Wani daga baya ya fara ɗaga murya, wai mako biyu an hana mutane aiki saboda tsoho ɗaya. Mai Fili ta ɗaga sanda, ya yi shiru. Ta ce a je a gani.

Aka ɗauke ta da kujerar. Na jingina da ɓaure, na taka ina ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji, na tsaya a kan sittin. Babban magini ya kawo rodi ya ce a caka a ji. Ni dai ban taɓa cakawa ba, hannuna ba zai iya ba. Na juya baya. Ya caka, rodi ya shiga kamu ɗaya ya tsaya. Ya matsa ya caka, haka. Wuri takwas, duk ƙasa ce mai tauri da ba a taɓa tonawa ba. Na karɓi abin da ya maƙale a bakin rodin na murza, na san ba ƙasar cike ba ce. Jama'a suka fara ƙus-ƙus. Na ji wata tana cewa tsufa ne, Allah sarki. Na ce sittin ne, ko za a yanka ni sittin ne.

Sai mai awo ya matso, shi da ya fi kowa dalilin ya bar ni in ji kunya. Ya rage murya ya ce, “Baba, sittin ɗin wa ya ƙirga?”

Na buɗe baki in ce ni. Sai na ga safiyar kamar yanzu. Ina zaune a gindin ɓaure ina wasa dagi, ƙanena ya tashi ya taka, ya juyo daga nesa yana ɗaga hannu yana cewa sittin, Yaya, a nan za mu sara. Ban taɓa taka shi da ƙafata ba sai bana. Adadin na riƙe, na manta ƙafar wa ce.

Na ce shi ne. Ya ce dogo ne? Na ce kamar kai.

Ya cire hula ya ba malamar itatuwa ta riƙe, ya je ya jingina da ɓaure, ya taho. Ban iya ƙirgawa ba, jama'a ne suka ƙirga masa. Ya wuce ni yana kan arba'in da wani abu. Ya wuce filin Auta gaba ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar filin gida na sha ɗaya, na wani mai wanki da iyalinsa, wanda ba a riga an haƙa ba. Magini ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ɗora rodi, bai ma danna sosai ba ya nutse har hannunsa. Aka share sama da cebur a hankali, sai ga duwatsun bakin rijiya a zagaye, yadda muka jera su.

Matar mai wanki ta zauna a ƙasa ta riƙe kai, tana cewa nan ne fa ɗakin yara. Magini ya ce da an ɗora bango a nan, damina biyu ba zai yi ba.

Tela ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce ashe ƙafar taka ma guntuwa ce kamar hankalin. Na ce ai kai ka auna ta, shi ya sa wandon bai taɓa yi mini daidai ba.

Mai Fili ta ce a kewaye wurin da duwatsu, za ta yi magana ranar Talata. Na nemi Auta, aka ce ta tafi.

Lahadi, 17 ga wata, bayan azahar

Ba ta zo ba. Ta aiko da abinci a kwanon da na fi so, an rufe da faranti. Na cinye.

Litinin, 18 ga wata, da safe

Na je ofishin su mai awo da ƙafa, na ce a kai ni wurin babbansu. Aka ce in rubuta takarda. Na ce bakina ya fi rubutuna, amma in takarda kuke so ku ba ni. Na rubuta layi uku, na ɓata takarda biyu. Babban ya karanta da ƙyar, ya ce shi ke nan, yaro ya koma aiki.

A bakin ƙofa na tarar da mai awo, na ce masa ɗana ka yafe mini. Ya ce ya yafe, amma nan gaba in zan cire turke in kira shi ya riƙe mini, kada bayana ya sake ciwo. Ashe ya lura.

Na dawo ina tafiya kamar an sauke mini buhu.

Talata, 19 ga wata, bayan la'asar

Ga abin da Mai Fili ta yanke. Gidan Auta ya koma kan turakunsa na fari, inda mai awo ya kafa. Gidan mai wanki a mayar da shi inda rumfar siminti take, mai awo ya auna ya ce ya isa har da wurin shanya. Wurin rijiya ba a gini, ba a hanya, a shafa wa duwatsunsa jan fenti kamar na kurmi, malamar itatuwa ta zaɓi abin da za a dasa a gefe.

Sannan ta dube ni. Ta ce ita ba alƙali ba ce, amma ramin da ya ƙetare layi da hannuna zan cike shi, kuma tsamiyar nan ni ne mai ba ta ruwa safe da yamma har sai ta yi sabon toho. In ta mutu, da ni za ta yi. Na ce ranki ya daɗe, ban taɓa cike rami da son raina ba, amma wannan na karɓa. Ta ce da ka yi magana tun farko, dattijo, da ba a kai nan ba. Na ce da na yi magana tun farko da gidan 'yata aka soke a bar na mai wanki a kan rijiya. Ta ce ji taurin kai. Tela ya ce ai kaɗan kika gani.

An ci gaba da aiki tun kafin azahar. Ƙarar cebur ba ta taɓa yi mini daɗi kamar yau ba.

Alhamis, 21 ga wata

Rabin ramin ya cika. Baya ya dawo da ciwo. Tsamiya tana nan kore. Alhamdulillahi.

Asabar, 23 ga wata, bayan la'asar

Ina cikin cike ramin da safe na ji an ɗauki ɗaya cebur ɗin. Ban waiwaya ba, na san tafiyarta. Muka yi ta zubawa har ya cika muka tattake. Ta ce in zauna kafin in faɗi a ce ita ta kashe ni. Na zauna.

Ta ce maganar da ta yi ran nan a bakin ƙofa, ta janye. Na ce ai ba ki san ni ne ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta ga guduma a wanke, ni da ko kofin shayina ba na wankewa. Ta yi shiru ne ta ga iya gudun ruwana, kuma da gangan ta faɗa don in ji. Na ce halin uwarki ke nan. Ta ce a'a, naka ne.

Malamar itatuwa ta kawo ɗan dashen ɓaure, ta ce daga tsohon ta samo. Ni na haƙa masa rami a gefen duwatsun, zurfinsa iya gwiwa, rami mafi gajarta da na taɓa yi. Daga nan ana ganin inda tagar Auta za ta kasance, magina sun kai bulo jeri huɗu.

Igiyar tana aljihuna. Na fito da ita na yi mata babban ƙullin nan na ƙarshe. Auta ta karɓa, ta ce a ɗakinta za a rataye, ba a akwati ba. Ta zauna a kan dutse tana murza ƙullin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Baba, yaya yake? Ba ni labarinsa.”

Na fara daga tafiyarsa. Har aka tashi daga aiki ban kai ƙarshe ba, ta ce gobe ma rana ce, ta ɗauki bokitin tsamiya ta miƙo mini.

Yau an tambaye ni. Alhamdulillahi.